Abin da Auta Ta Gani a Motar Kawu

Auta malamar aji huɗu ce a firamaren unguwarsu, kuma kullum da safe a gaban motar makaranta take zama, kusa da direba. Direban kawunta ne, yayan mahaifiyarta. Shi ya riƙe su bayan rasuwar babansu, shi ya yi ta safa da marwa har aka ɗauke ta aiki. Duk unguwa Kawu ake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Da yawa daga iyayen yaran shi ya riƙa kai su makaranta tun suna da majina a hanci, kuma bai taɓa ko gogar motar wani ba.

Wata safiya suna gangarowa gada, yara na ta surutu a baya, Auta ta ga motar tana karkata hannun masu tahowa. Ta juya. Idanun Kawu a buɗe suke, amma ba ya ganin komai. Hannuwansa sun saki sitiyari, bakinsa na motsi kamar mai tauna. Wata tirela ta danno hon. Auta ta fizgo sitiyarin, motar ta yi tangal-tangal ta koma hannunta, tirelar ta wuce. Yaran suka kwashe da dariya, a zatonsu wasa ne.

Kawu ya dawo hayyacinsa. "Me ya kai hannunki sitiyarina?"

"Kawu, ka tafi fa. Ba ka nan."

"Rami na kauce wa," ya ce, bai dube ta ba.

Ranar alli sai karyewa yake a hannunta. Da ta koma gida ta sami Inna, mahaifiyarta, tana ninke wanki, ta faɗa mata. Inna ba ta yi mamaki ba, wannan ya ƙara tayar wa Auta hankali.

"Ya taɓa yi a nan, kofi ya suɓuce masa. Gajiya ce."

"Inna, yaran mutane ne cike da mota."

"Ki rufa masa asiri yadda ya rufa mana. Wanda ya goya ki ba a kwance masa zani a kasuwa."

Auta ta je ta durƙusa gaban Kawu, ta roƙe shi ya ga likita. Ya ce likita cewa zai yi a ajiye mota, in ya ajiye ya zama me? Ta sami hedimasta a ofishinsa. Ya yi dariya ya ce, "Malama, tirela ce ta firgita ki. Kawu ai da ido rufe ma zai kai mu."

Daga nan ta daina karyawa da safe. A mota hannunta na kan gwiwa, a shirye, idonta a gefen fuskar Kawu. Amma da rana motar kan mayar da ƙananan yara gida ita tana aji. Da ta ji tashin injin sai ta leƙa ta taga. In jiniya ta wuce a titi, sai ta tsaya tsakiyar magana, ɗalibai suna kallonta.

Ana haka aka kira taron iyaye. Aka cika babban aji, manya suka matse a bencin yara. Shugaban iyaye, mai kantin bakin titi, ya sanar cewa za a kai yara gidan namun daji a wani gari mai nisa. "Kuma hankalinmu kwance," in ji shi, "tunda Kawu ne a gaba." Aka tafa. Kawu na zaune bakin ƙofa, ya ɗaga hula yana murmushi.

Auta ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Muryarta ta fito siririya, har aka ce ta ɗaga.

"Kada a ba Kawu yaran nan. Ba shi da lafiya. Hankalinsa yakan ɗauke yana tuƙi. A gabana aka yi, a kan gada, saura ƙiris tirela ta bi ta kanmu."

Nan take hayaniya ta ɓarke.

"Ba 'yar ƙanwarsa ba ce wannan?"

"Tsintacciyar mage ke nan."

"Wa kike so a ba motar, saurayinki?" Wasu suka yi dariya.

Mai kanti ya ce ta janye maganarta ta ba dattijo haƙuri. Janyewa ta fi sauƙi, kalma ɗaya ce kowa ya huta. Ta dubi Kawu. Murmushin ya tafi, yana murza hularsa.

"Ba zan janye ba," ta ce. "A kai shi likita ya duba. In ƙarya nake, a kore ni."

Kawu ya tashi ya fita. Tunda magana ta fito gaban jama'a, dole hedimasta ya karɓi makullin motar har a ji ta bakin likita.

Kwanakin da suka biyo baya Auta ta san unguwarsu da wata fuska. Ta gai da mutane, su kau da kai. Mai kanti ya bar ta tsaye har ya sallami duk waɗanda suka zo bayanta. Da yake babu mota, iyaye na rako yara a ƙafa, duk wanda ya makara aiki ita yake zagi. A ɗakin malamai in ta shiga hira ta mutu. Wata rana aka jefo dutse ya fasa tagar ajinta, ba a ga kowa ba. Ta koma bin lungu, tana waiwaye ko da takun akuya ta ji a baya. A gida Inna ta ajiye mata abinci a rufe, ta shige ɗaki. Matar Kawu ta aiko cewa ko gawarta ce kada Auta ta zo kanta.

Sakamakon likita ya fito: ciwo ne a ƙwaƙwalwa mai ɗauke hankali na ɗan lokaci, akwai magani, amma tuƙi ya ƙare. Auta ta zaci gari zai huce. Bai huce ba. Aka koma cewa ai da ta bi ta bayan gida, ba sai ta kunyata shi a bainar jama'a ba. Mace ɗaya ce, mai 'yan biyu a aji ɗaya, ta matse mata hannu a bakin get ta wuce da sauri, kada a gan su.

Bayan an ɗauki sabon direba, wata la'asar Auta ta yi ƙundunbala ta nufi gidan Kawu. Ta daɗe a ƙofa kafin sallama ta fito. Matarsa ta gan ta, ta ja tsaki ta shige kicin. Kawu na zaune a tsakar gida kan kujerar roba, ya rame, hannuwansa zube a cinya. Auta ta durƙusa nesa kaɗan.

"Kawu, ina wuni."

"Kin gama da ni, Auta."

"Na roƙe ka, Kawu."

"Kin roƙa." Ya kalli ƙasa. "Ban ce na yafe ba. Ban iya ba tukuna."

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. Ta yunƙura za ta tashi.

"Yaron nan da suka ɗauka," ya ce, "ki gaya masa birkin yana son a taka sau biyu in mota ta cika. Kar ya yarda da takun farko."

"Zan gaya masa."

"Tashi ki tafi kafin ta fito."

Auta ta fito titi. Mutanen da ke zaune gaban kanti suka yi shiru da suka hango ta. Ƙafafunta suka ja ta wajen lungu, ta tsaya, sannan ta bi ta gabansu. Ta yi sallama. Ba wanda ya amsa, ta wuce gida.