Rabin Kofin Shayi

Tana jijjiga jaririyarta a barandar sashen masu ciwon zuciya likita ya fito yana cire safar hannu.

"Ke ce 'yar dattijon nan? Albishirinki. Mun zura siririyar waya ta hannunsa har jijiyar zuciya, mun auna ƙarfin jini kafin wurin da ya tsuke da kuma bayansa. Jini na wucewa sosai. Ba sai mun sa masa ƙarfen buɗe jijiya ba, magani ya isa."

Ta yi godiya.

Jiya an ja mata kunne: kada Baba ya sha shayi ko kofi sai an gama awon. Da safe ya zauna yana kallon buta kamar maraya.

"Haba Mamana, tun kafin a haife ki ban taɓa fita ban sha ba. Rabin kofin shayi ne zai kashe ni?"

Jaririya na tsala ihu, mai mota na jira a waje. Ta zuba masa. A asibiti, da nas ta tambaye shi ko ya sha wani abu, ya ce, "Ko ƙamshinsa ban ji ba." Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana gyara zanin goyo.

Yanzu ta bi nas ɗin har wurin wanke hannu.

"Sista, don Allah, me ya sa ake hana shayin?"

"Akwai allurar da muke yi, ta buɗe jijiyoyi kamar mutum na hawan bene, sannan a auna. Shayi na rage mata ƙarfi. Sai awon ya ce lafiya lau, alhali jijiyar a shaƙe take." Nas ta dube ta. "Lafiya dai?"

"Lafiya."

A ɗakin hutawa ta tarar da Baba zaune bakin gado, hannunsa ɗaure da bandeji, yana tsokanar maƙwabcinsa.

"Ka gani? Zuciyar saurayi gare ni. Mamana, zo ki ji, sun ce ba za su sa min ƙarfe ba! Wallahi da na ji wayar nan tana tafiya a hannuna, na ce in na tashi ba mai sake kwantar da ni."

Ta tuna yadda yake tsayawa a tsakiyar matakala, dafe da ƙirji, yana cewa takalmi ne ya matse shi. In ta yi shiru, yau zai kwana gida yana murna. In ta yi magana, za a sake kwantar da shi, kuma kowa zai san wa ya zuba shayin.

"Miƙo min rigata mu tafi," ya ce.

Ta ɗauki rigar, ta ninke, ta mayar cikin jaka. Ta ɗora masa jaririyar a cinya.

"Riƙe min ita da lafiyayyen hannun, Baba. Zan je wurin likita."

Murmushinsa ya ɗauke. "Mamana, tona min asiri za ki yi?"

"Nawa zan tona," ta ce, ta fita.