Jawabin Baba Matiyu, Minti Arba'in da Bakwai

Shekara goma sha ɗaya Tobiya ya yi yana barci lafiya a kan laifinsa, sai ranar Talata laifin ya shigo shagonsa da ke bayan Kasuwar Jalingo, riƙe da katin biki.

Murna ce, ƙanwar Rufus, wanda Tobiya ya ɗauki bidiyon aurensa tun yana da gashi a tsakiyar kai.

"Oga Tobiya, ka gama da ni," in ji ta, ta zauna ba a ba ta kujera ba.

Ga yadda abin yake. A bikin Rufus, ƙanen mahaifinsu, Baba Matiyu na Lau, ya yi jawabi na minti arba'in da bakwai. Da Tobiya ya zo haɗa bidiyon, ya rage shi zuwa daƙiƙa arba'in, daga gaisuwa sai amin. Kowa ya gode masa a ɓoye. Baba ba shi da na'urar kallo, don haka asiri ya rufu, har makon jiya da wani mai son zumunci ya tura masa bidiyon a waya. Yanzu ya ce dangin da suka yanke masa harshe su nemi wanda zai miƙa amarya a coci ranar Asabar. Mahaifin Murna ya rasu, kuma muddin Baba yana numfashi, ba wanda zai taɓa hannunta ya ba wani.

"Ya ce sai ya ga jawabinsa duka, daga kai har wutsiya," in ji Murna.

"Ƙanwata, kwantar da hankali. Ni ba na share aiki. Ɗaurewa nake yi in ajiye."

Wannan gaskiya ne. Ƙarƙashin teburinsa akwai jaka cike da tsofaffin had-dis na ajiyar bidiyo, kowanne da takarda manne. Sai dai Tobiya ba ya rubuta sunan ango ko amarya, domin sunaye ba sa zama a kansa. Abincin bikin yake rubutawa. Murna ta riƙa ɗagawa tana karantawa.

"'Shinkafa ba nama.' Auren wa ke nan?"

"Ajiye. Har yanzu muna gaisawa da su."

"'Kunu ya yi tsami.' 'Kifin Lau.'"

"Shi ne. Miƙo."

Ya jona shi da kwamfuta. Abin ya yi ƙugi kamar tsohon da aka tasa daga barcin rana, sannan ya buɗe. Manhajar tace bidiyon ta yi ƙorafi cewa aikin na zamanin kakarta ne, ta nemi izinin sabunta shi. Ya ba ta. Sai allon ya cika da jajayen akwatuna, ko hoto ɗaya babu.

"Ya mutu?" Murna ta tambaya.

"Bai mutu ba. Gida ya ɓace masa. Sai na nuna masa inda kowane fayil yake kwana."

Ya nuna folda, hotuna suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya: Rufus ba tumbi, matan zumunta cikin anko, ga Baba da makirfo. Tobiya ya kama bakin guntun jawabin ya ja, ya yi ta ja, jawabin yana miƙewa kamar igiyar guga.

"Kin gani? Abin da muka yanke ɓuya kawai yake yi. Minti arba'in da bakwai cif."

Ya danna. Minti na farko Baba ne, yana gaida manyan baƙi. A minti na biyu hoton ya fara sunkuyawa a hankali zuwa hagu. Kan Baba ya fita, kafaɗarsa ta bi, har kyamara ta tsaya a kan wata dattijuwa a farar kujerar roba, tana fifita da takardar tsarin biki.

Nan Tobiya ya tuna. Wuyan sandar kyamarar ya daɗe da saki. Ya kafa ta ne a kan Baba, ya tafi layin karɓar kifi.

"Minti nawa haka?"

Ya ja gaba. "Har amin."

"Mama Alice ne," in ji Murna. "Matarsa. Shekara shida da rasuwa."

Tobiya ya fara tunanin rufe wurin da hotunan furanni, muryar tana tafiya a ƙasa. Bai kai ga fure na farko ba aka yi sallama. Baba Matiyu, wanda aka ce sai Alhamis zai sauka a unguwar Majidaɗi, ya ga babu dalilin jira.

"Kai ne mai almakashin?"

"Ni ne, Baba. Sannunku da hanya."

"Bar hanya. Sa mu gani."

Tobiya ya sa, ya matsa kusa da ƙofa. Baba ya gyaɗa kai ga gaisuwar da ya yi a bidiyon. Da hoton ya fara zamewa ya ɗaure fuska, har kyamara ta tsaya a kan matarsa.

A allo Mama Alice ta dubi agogonta. Baba na bidiyo ya ce, "A taƙaice," ta girgiza kai ta ce wa ta kusa da ita wani abu, suka rufe baki da gyale. A minti na ashirin ta miƙa hannu ta ja gefen rigarsa. A na talatin ta cire takalmi ɗaya, ta yi gyangyaɗi, ta farka ta tafa a inda ba a tafi.

Baba ya ja kujera har gwiwarsa ta taɓa teburi.

"Ko hotonta mai motsi ba ni da shi," ya ce, ba da kowa ba. Can ya ɗaga hannu. "Mai almakashi, rage muryar mutumin nan. Ya cika surutu, ya hana ni kallo."

Tobiya ya rage.

"Baba, maganar Asabar fa?" Murna ta tambaya a hankali.

"Ƙarfe nawa?"

"Goma."

"Zan zo tara. Ki gaya wa fasto ina da 'yar magana."