Amfilifayar da Baba Stavros Ya Tsinta

Tun bakwai na safe suke tsaye a bakin titinsu a unguwar Preston, ga sanyi, ga yayyafi yana zuwa yana komawa. Sau goma sha ɗaya ke nan suna maimaita waƙa ɗaya, har Declan ya daina jin yatsunsa a kan jitarsa.

Makon fitar da tarkace ne. Kowane gida ya jibge abin da ya gaji da shi a kan ciyawar ƙofarsa kafin motar ƙaramar hukuma ta zo: katifu, kujeru masu ƙafa uku, matattun talabijin. Tahlia mai kyamara ce ta dage sai a cikin komatsan nan za a ɗauki bidiyon sabuwar waƙar ƙungiyarsu.

"Bronte, daina murmushin nan," ta ce wa mawaƙiyarsu. "Waƙar ƙunci ce, ba tallan man goge baki ba."

"Wane murmushi? Haƙorana ne ke kaɗawa, 'yar uwa."

Da rana ta ɗaga suka shiga gida shan shayi. Kowa ya ɗauki kayansa. Amfilifayar Declan kuwa, wato akwatin da ke ƙara wa jitarsa sauti, nauyi gare ta, sai ya bar ta nan kusa da wata katifa.

Amfilifayar ta girme shi. Gabanta a yage, gefenta duk salatif, kuma tana da wani gurnani da ke bin ƙarƙashin kowane sauti kamar tsohon firji. A kan gurnanin nan suka gina waƙar tun daga farkonta, kuma ranar Juma'a za su fara kaɗa ta a gaban jama'a. Declan ya taɓa gwada wasu har guda biyar, babu wadda ta yi shi.

Da suka fito, katifar tana nan, amfilifaya babu.

"An yi mana sata!" in ji Bronte.

"Sata kuma?" Tahlia ta ce, tana goge gilashin kyamara. "Abin da aka ajiye a kan ciyawa a makon nan ai na wanda ya fara gani ne. Kujerar falonku a ina kuka samo ta?"

Declan ya ja hularsa ya bi gida gida yana ƙwanƙwasa ƙofa. Wata ta ce ta ga mai farar mota, wani ya ce shi keke kawai ya ɗauka. Sai bayan awa biyu, a layi na uku, ya hango ta a kan benci cikin wani gareji, bayanta a buɗe. Wani dattijo mai suna Stavros yana duƙe a kanta, ƙaurin dalma ya cika wurin.

"Baba, sannu da aiki. Wannan tawa ce, ba zubar da ita na yi ba."

"Taka ce?" Dattijon ya leƙo ta saman tabarau. "To ɗana, ka ji kunya. Shekara arba'in ina gyaran rediyo, ban taɓa ganin an wahalar da abu haka ba. Wata waya ce ta saki a ciki, ga wasu 'yan kaya biyu da suka ƙone. Duk na sauya. Saurara."

Ya kunna ta. Jar fitilar ta kawo. Declan ya kasa kunne, ya ƙara matsowa. Shiru, tsit, babu gurnanin.

"Ka ji? Kamar sabuwa!"

"Tsofaffin da ka cire fa, Baba?"

"Toka ce kawai, suna taɓuwa suka marmashe."

Declan ya dubi dattijon, ya ga yadda yake jiran yabo. Ya haɗiye abin da ya zo masa baki.

"Na gode, Baba. Ta yi kyau."

Stavros ya ara masa baro, ya ɗora masa ledar lemon tsami daga bishiyar bayan gida.

Da Declan ya dawo da ita, Tahlia ta ce, "Yawwa! Ajiye ta inda take. Bidiyo ai babu ruwansa, daga baya za mu ɗora sautin da muka naɗa."

"Juma'a fa?" Bronte ta tambaya a hankali.

Declan ya jona jitar, ya taɓa tsirkiya ɗaya. Sautin ya fito garau, mai daɗi, irin na kowa.

"Mu dai gama na yau," ya ce.

Yayyafin ya dawo. Suka koma cikin tarkacen, suka ɗauko waƙar karo na goma sha biyu.