Gadaje Goma Sha Biyu

Shekarar da sojoji suka koma bariki, Ciyaman ɗinmu ya buɗe asibiti uku cikin wata ɗaya. Rediyo har ya gaji da yabo. Ni Shekari, direban tifa, na fi rediyo sanin gaskiya, don ni nake ɗaukar asibitin a bayan motata.

Gadaje goma sha biyu ne, da firji ɗaya da sikelin jarirai. Mu sauke su a Narayi, a yanka ƙyalle, a yi hoto, 'yan jam'iyya su cinye shinkafa. Daga nan mu kwashe zuwa Trikania. Mai wannan dabara shi ne Dakta Harrison, shugaban kwamitin gyaran harkar lafiya, wanda ya buga wa Ciyaman fosta lokacin zaɓe. Asibitin kuɗinsa na nan a bakin titi, kuma bai haukace ba da zai bari na gwamnati ya yi aiki.

"Draiba, idonka ya gani, bakinka bai gani ba," in ji shi. Na ce, "Yes sa." Na riƙe bakina har a gida, abin da har gobe nake jin kunyarsa.

Ranar buɗe na Narayi, matata Rhoda ta taka rawa cikin zumuntar matan coci da cikinta wata tara. Ta shafa gadon da ke kusa da taga, ta ce, "Maigida, a nan zan haihu. Na huta da tsallaka gada zuwa asibitin cikin gari." Na yi dariya irin ta marasa gaskiya. Cikin raina na ce ai da sauran sati biyu, zan san yadda zan gaya mata.

Kwana uku bayan haka, muna jera gadaje a Trikania, wani ɗan acaɓa maƙwabcinmu ya zo ya ce naƙuda ta kama Rhoda tun safe, tana sabon asibitin Narayi. Na fizgi gado ɗaya na jefa a mota. Harrison yana ihu wai Ciyaman na hanya, lissafin hoto zai lalace. Ban ko waiwaya ba.

Na same ta a ƙasa, kan kwalin firjin da ni da hannuna na bari. Sista Mary, nas ɗin da aka ajiye ta tsare ɗaki babu ko almakashi, ta ce ta yi iya yinta, amma jaririyar ta zo ba rai, ko kuka ba ta yi ba.

Na shigo da gadon na kafa shi kusa da taga. Rhoda ta dubi gadon, ta dubi tifata ta ƙofa, sannan ta dube ni. 

"Mayar musu," ta ce. "Jibi za a buɗe na Kamazou."