Littafi na Biyar na Sharfaddeen

Kwana tara da rasuwar Sharfaddeen aka buɗe akwatinsa. Baffa Jalo, ƙanen mahaifinsu, shi ya buɗe, don tun da mahaifin ya kwanta dama shi ne babba a gidan, kuma shi ke da haƙƙin tattara kayan mamaci kafin a zo rabo. Ibtisam, ƙanwar mamacin, tana tsugune a bakin ƙofar ɗakin, tana karɓar riguna tana ninkewa. Har yanzu ƙamshin sabulunsa bai bar su ba.

A ƙasan akwatin Baffa ya ciro wani littafin rubutu mai baƙin bango. Ya buɗe a tsaye, ya duba shafi ɗaya, ya duba na biyu, sai ya nemi bakin gado ya zauna. Ya daɗe yana karantawa, leɓɓansa na motsi. Daga nan ya rufe, ya zura shi a aljihun babbar rigarsa, ya wuce ɗakin Inna, mahaifiyarsu, ko kallon Ibtisam bai yi ba.

Bangon da ya raba ɗakunan ba shi da kauri, don haka ta ji komai. Baffa ya ce littafin da ajami aka rubuta shi, kuma cike yake da zane mai gida-gida da lambobi a ciki, irin hatimin da 'yan tsibbu ke zanawa. A kan kowane akwai sunan mutum mai rai, ya ga na Zulkiflu, ya ga na Suhail, abokan yaron. Ya ga taswirar unguwarsu ta Kwarbai lungu-lungu, an kewaye gidansa shi Baffa da jan biro. Ya ga inda aka ce a zauna mutum uku, a jefa sau biyu, in shida ta fito ƙofa za ta buɗe. Ya ce gobe bayan la'asar zai ƙone shi, ba zai gaya wa kowa ba, amma ita ta ƙara yi wa ɗanta addu'a, don Allah kaɗai ya san halin da ya tarar.

Kwana taran nan abu ɗaya ke riƙe da Inna: ɗanta ya yi zazzaɓin kwana uku, ya cika da kalmar shahada a bakinsa, kuma duk wanda ya zo gaisuwa shaidar alheri ya yi masa. Ranar ta ture kwanon tuwo gefe. Da Ibtisam ta kawo mata ruwa, sai ta riƙe mata hannu, ta tambaye ta ko ta taɓa ganin wani abu a wurinsa wanda ba ta faɗa ba. Ibtisam ta ce wasa ne kawai, Inna. Inna ta saki hannun. Maganar Baffa, mutumin da ya yi shekara talatin yana karantarwa a zaure, ba za ta faɗi da maganar yarinya ba.

Wasa ne kuwa. Shekara huɗu kenan duk Asabar bayan azahar Sharfaddeen ke shimfiɗa tabarma a zauren gidan, abokansa biyu su zo. Kowa yana da gwarzonsa mai baiwar da ba ta ɗan'adam ba. Na Zulkiflu sunansa Tsawa, walƙiya ke fita daga tafin hannunsa. Na Suhail Mai Ƙarfe, wanda fatarsa ke zama ƙarfe in ya riƙe numfashi. Sharfaddeen shi ke ba da labari, su kuma su faɗi abin da gwarzonsu zai yi, a jefa ɗan lido mai lamba ɗaya zuwa shida, lambar da ta fito ita za ta nuna an yi nasara ko an faɗi. Dokokin wasan a waya ya samo su, amma labaran da suka zo da su duk na biranen da ke da dogayen benaye ne da jiragen ƙarƙashin ƙasa. Ya ce Tsawa ba zai san hanya a can ba. Sai ya shiga rubuta nasa ƙarin, littafi ɗaya labari ɗaya, duka a cikin ganuwar Zariya. Huɗun farko da boko ya rubuta, har ranar da ya kama Zulkiflu yana leƙen shafin gaba. Tun daga nan ya koma ajami, don ya san su biyun da ƙyar suke haɗa baƙi.

Ibtisam ba ta taɓa zama a tabarmar ba. A bayan ƙofar zauren take ajiye kujerarta, tana ɗinkin hula tana saurare. Ta san duk inda Mai Ƙarfe ya taɓa karyewa. Sharfaddeen ya san tana nan, wani lokacin yakan ɗaga murya kaɗan in an zo wuri mai daɗi, amma bai taɓa tona ta ba.

Washegari da hantsi ta sa hijabi ta nufi gidan Baffa. Tun tana ƙarama bayan gaisuwa ba ta taɓa haɗa jimla biyu a gabansa ba. Ta durƙusa, ta gaishe shi, ya amsa, ta sake gaishe shi. Sai da ya tambaye ta lafiya, sannan ta faɗi abin da ta zo faɗa, idonta a kan tabarma. Baffa ya ce ya ji, ya kuma san ƙauna ce ta kawo ta, amma malamin lissafi ɗan shekara ashirin da shida ba ya zana hatimi da sunan mutane don wasa. Ta ce ya ba ta daga azahar zuwa la'asar. In bai gamsu ba, ita za ta kawo masa ashana. Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta, ya ce to.

Da wayar Sharfaddeen ta aika wa abokan nasa saƙo, don a nan lambobinsu suke. Sai bayan saƙon ya tafi ta tuna da sunan wa zai bayyana a wayoyinsu. Suhail ya faɗa mata daga baya cewa yana cikin gyaran wayar wani a shagonsa, ya ga sunan, kayan aikin suka zube daga hannunsa.

Bayan azahar hadari ya haɗo. Suka zo su biyu, suka cire takalma, kowa ya zauna a inda ya saba zama, suka bar gurbin Sharfaddeen da ke jikin bango babu kowa. Baffa ya zauna a kan dakali da carbinsa. Ya miƙa wa Ibtisam littafin. Ta duba zauren, ba wani wuri sai gurbin nan, sai ta zauna a ciki.

Suhail ya ciro ɗan lido daga aljihu ya ajiye a tsakiya. Ya ce tun Asabar ɗin ƙarshe yake wurinsa, ya manta bai mayar ba.

Ta buɗe shafin farko. Ajami ta iya shi, tare da Sharfaddeen suka koya a wurin kakarsu. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa har Baffa ya ce ta ɗaga. Labarin ya ce wata safiya mutanen Kwarbai suka tashi suka tarar wani lungu babu shi. Ba rushewa ya yi ba, bango ne kawai ya haɗe da bango. Kuma babu wanda ya tuna an taɓa yin lungu a wurin, ko su wa ke zaune a ciki, sai dai wata tsohuwa da kullum take zuba abinci kwano biyu ba ta san na wa ne ɗayan ba. Wanda ke wannan aiki ana ce masa Mai Shara. Da asuba yake fitowa daga wani kududdufi da doguwar tsintsiya, duk inda ya share ya tafi kenan.

Ba ta san lokacin da ta fara tsayawa a inda Sharfaddeen yake tsayawa ba, tana jan ƙarshen magana yadda yake ja. Zulkiflu ya sunkuyar da kai. Ruwa ya tsinke a waje, zauren ya yi duhu, ta matsa da littafin kusa da hasken ƙofa.

Ta karanta cewa sawun tsintsiyar ya kai Tsawa da Mai Ƙarfe wani tsohon gida kusa da Ƙofar Galadima, ƙofarsa a rufe. A gefen shafin akwai ƙaramin rubutu, irin wanda yake yi wa kansa. Ta karanta shi a zuci, ta ɗago ta tambaye su me za su yi.

"Fasa ƙofar zan yi," in ji Zulkiflu.

Ibtisam ta sake duban rubutun. Ta tashi ta kai wa Baffa littafin, yatsanta a kan rubutun gefen. Baffa ya karanta a fili: "A nan Zulkiflu zai ce zai fasa ƙofar. A bar shi ya ɓata walƙiyarsa. Ba a kulle take ba."

Carbin ya tsaya a hannun Baffa. Ya ce to wannan fa, in ba duba ba ne mene ne?

"Baffa, shekara huɗu kullum ƙofa yake fasawa," Suhail ya ce. "Akuyar gidan nan ma ta san haka."

"Kai da hannunka bai taɓa fitar da shida ba, kai ne za ka yi magana?" in ji Zulkiflu.

"Na fitar. Ranar ba ka zo ba."

"Kullum ranar da ban zo ba ce."

Suka fara dariya, sai kuma ta mutu a bakinsu, don a nan ne Sharfaddeen ya saba tsawatar musu, kuma su duka biyun sun juya wajen bango suna jira.

Aka jefa ɗan lido, biyu ta fito. Ibtisam ta buɗe shafin da ke da sunan Zulkiflu, ta nuna wa Baffa gidajen zanen: wannan layi ƙarfi, wannan sauri, wannan yawan dukan da gwarzo zai iya sha kafin ya faɗi. Ta soke biyar ta rubuta huɗu, ta ce walƙiya ɗaya ta tafi a banza. Baffa ya karɓa, ya bi lambobin da yatsa tsaye da kwance. Ya ce tun jiya ya lura ba sa haɗuwa, alhali hatimi na gaskiya ta ko'ina ka tara abu ɗaya zai ba ka. Ya ɗauka yaron ne bai ƙware ba. Ya faɗi haka a hankali, kamar da kansa yake.

Wasa ya ci gaba. Mai Shara ya fito musu a tsakar gidan, ya kai wa Mai Ƙarfe shara ɗaya, Suhail ya jefa ɗan lido, ɗaya ta fito, labarin ya ce daga yanzu ya manta sunan mahaifiyarsa. Suhail ya ce a gudu. Zulkiflu, karo na farko a shekara huɗu, bai yi gardama ba. Suka tambayi inda za su gudu, Ibtisam ta buɗe taswirar, ta karanta abin da ke ƙarƙashin jan kewayen: "Gidan Baffa. Nan kaɗai Mai Shara ba ya iya shiga, don tsohon ya san sunan kowa a unguwar har kakanninsu, kuma ba ya mantuwa. In sun iso nan su huta, a ba su kunu."

Babu wanda ya dubi dakalin. Ruwa na zuba daga indararo.

Ta juya shafi. Layi uku ne kawai. Labarin ya ce da gari ya waye sai suka ji ana sallama a ƙofar gida, muryar kuwa ta wanda suka sani ce, amma. A nan rubutun ya tsaya.

"Amma me?" Zulkiflu ya tambaya.

"Nan ya tsaya."

"Duba baya."

Ta ce babu.

Daga masallacin unguwa aka kira la'asar. Baffa ya miƙe da ƙyar, ya dafa bango. Ibtisam ta rufe littafin ta miƙa masa da hannu biyu, kamar yadda ta yi alkawari. Bai karɓa ba. Ya ce ya ɗora wa mamaci abin da bai yi ba, kuma a kunnen uwarsa ya ɗora, don haka ba zai shiga sallah da shi a wuyansa ba. Ya sa takalmi ya bi ta cikin ruwan zuwa ɗakin Inna, babbar rigarsa na jiƙewa.

Daga zauren suna jin muryarsa ƙasa-ƙasa, ba sa jin kalmomin. Sai suka ji ta Inna. Kuka take, amma tana kiran sunan Sharfaddeen a ciki, sunan da tun jiya ba ta iya furtawa ba.

Zulkiflu da Suhail suka tashi za su masallaci. A bakin ƙofa Suhail ya tsaya yana gyara takalmin da ba ya buƙatar gyara, ya tambaya ko su zo Asabar. Ibtisam ta ce ba ta san muryar wa ce a ƙofar ba. Ya ce su ma ba su sani ba, ai shi ya sa. Suka fita, suka bar ɗan lidon a tabarma.

Ta zauna ita kaɗai a gurbin, ta sake buɗe littafin daga inda rubutun ya yanke. Shafin gaba fari ne, sai dai a samansa an rubuta bisimilla. Na gaba ma haka. Ta yi ta juyawa ɗaya bayan ɗaya, tana lasar yatsa. Duk shafukan haka Sharfaddeen ya yi musu, har shafin ƙarshe, da biro ɗaya, a zama ɗaya, kamar mai shirin doguwar tafiya. Ta ƙirga saura ashirin da uku.