Ɗakin da Aka Hana Gyarawa

Ni kawunsa ne, uwarsa yayata ce ciki ɗaya, saboda haka abin da zan faɗa ba a rediyo na ji shi ba.

A ɗaki ɗaya aka haife shi, wannan kam bai yi ƙarya ba. Ɗaki ne a ƙarshen wani lungu bayan kasuwa, rufin kwano, da 'yar taga wadda ko kan mutum ba zai shiga ba. Ubansa ɗan dako ne, ya rasu tun yaron bai iya ɗaura wando ba. Yaya ce ta riƙe shi da wankau. Ta wanke kayan mutane, ta goge, har sabulu ya cinye mata hannu, tafin ya tsattsage. Da wannan hannun ya yi karatu ya zama malamin makaranta. Baki ya kai shi shugabancin ƙungiyar malamai, daga nan kansila, sannan ya ɗaga ido ya hango majalisar ƙasa.

A takararsa ta farko, abokin hamayyarsa ya yi masa gori a bainar jama'a, ya ce ɗan mai wankau ne. Shi kuwa sai ya kwaso 'yan jarida ya kawo su lungun. Suka tarar da Yaya tana wanki. Kunya ta kama ta, ta ja gyale ta rufe fuska, mai hoto ya rasa fuskar ɗauka sai ya ɗauki hannayenta cikin baho. Hoton nan shi aka manna a kowace katanga. Jama'a suka sa masa suna Ɗan Ɗaki Ɗaya, suka yi masa ruwan ƙuri'a. Muka ce to, Yaya ta huta.

Ashe ɗaurin talala ta shiga.

Ya je majalisa aka ba shi shugabancin kwamitin gidaje. Wuya ya yi kauri, ya gina gida a babban birni wanda sai ka shiga mota daga ƙofa zuwa falo. Ya sauya sheƙa daga wannan jam'iyya zuwa waccan, ya sake dawowa, kamar mai canja takalmi. Abu ɗaya ne bai canja ba. Duk inda aka miƙa masa abin magana sai ya dafe ƙirji ya ce: “Uwata har gobe tana ɗakin da ta haife ni. Ta rantse ba za ta fita ba sai kowane talaka ya samu gida.” Yaya ba ta taɓa faɗin haka ba. Ita da ko da mai gishiri ba ta iya ciniki ba, ina ta ga rantsuwa da ƙasa guda?

Ya saye gidajen maƙwabta ya rushe, aka yi filin ajiye motocin baƙi. Waɗanda suka zauna da ita shekara da shekaru duk suka watse, ɗakin ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili kamar haƙori ɗaya a bakin tsoho. Ban ce bai ba ta komai ba. Ya ba ta katifa da fanka da firij. Amma duk ranar da baƙi za su zo, sai mota ta riga su ta kwashe kayan, a fito da tsohuwar tabarma da baho da fitilar ƙwai. Mai wannan aikin wani yaronsa ne babba da muke ce wa Mai Jaka, don ba a taɓa ganinsa ba jakar maigidansa a hammata ba. Yaya ta daɗe da barin wankau, hannunta ya yi laushi, to sai Mai Jaka ya riƙa aiko mata da saƙo kafin baƙi: a daina shafa mai.

Wata shekara bangon gabas ya tsage, tsagar da za ka zura hannu. Na kira magini ya cike ta ya yi yaɓe. Siminti bai gama bushewa ba sai ga Mai Jaka.

“Baba, wa ya sa ku wannan aikin?”

Na ce, “Idona ne ya sa ni.”

“Ai kun ɓata mana tarihi. Tsagar nan tana cikin hoto, har daga ƙasashen waje ake zuwa ganinta.”

Ya kawo leburori suka farfashe yaɓen, suna lallaɓawa kada tsagar ta canja kama. Ban taɓa ganin an biya mutum ladan mayar da ɓarna ba sai ranar. Na buga wa Honarabul waya, ya ce, “Kawu, ka yi haƙuri, da an gama zaɓe bene zan yi mata.” Zaɓen ya wuce, wani ya zo ya wuce. Benen yana nan a bakinsa.

Na sha ce mata ta tattaro ta dawo gidana. Amsarta ɗaya ce. Har yau Auta take kirana, da furfurata da komai. “Auta, yaron nan ya ce in na fita zai faɗi. Ni zan kayar da ɗana da ƙafata?”

Daminar bara ta shigo da ƙarfi, ga zaɓe ya matso. Yaya ta fara tari, irin wanda ke naɗe mutum biyu. Da na ga tana ɓoye tsumman da take tofawa, ban yi shawara da kowa ba na kai ta asibiti. Likita ya ce danshin ɗaki ne ya shiga huhu. Ya ja ni gefe ya ce, “Baba, in ta koma inda ta fito, ba wurina za ku kawo ta ba.” Da aka sallame ta na wuce da ita gidana. Maiɗakina ta kwashe keken ɗinkinta daga ɗakin da rana ke shiga, muka shimfiɗa mata.

Sai ga Honarabul. Tun da ya zama wani abu bai taɓa taka gidana ba. Motoci suka toshe layi, turare ya riga shi shigowa. Ya ɗan rusuna a bakin gado, gwiwa ba ta taɓa ƙasa ba.

“Kawu, wuni ɗaya kawai nake roƙo. Jibi 'yan talabijin za su zo. A ɗauka a gama, ni da kaina zan dawo da ita.”

Na ce, “Jiya aka yi ruwa. Ɗakin nan yanzu da cikin randa duk ɗaya.”

Ya juya wurinta ya sassauta murya. “Inna, ke ce kujerata. Mutanen can sun taso ni a gaba. In aka ji kin bar ɗakin, na shiga uku.”

Na ce, “Kai wai shugaban kwamitin gidaje ne ko na kufai? Ba inda za ta. In ɗakin kake ƙauna, ga shi can, je ka kwana a ciki.”

Ya miƙe yana karkaɗe riga. “Kawu, ba ka san siyasa ba.”

“Na dai san tari.”

Ya fita. Yaya ta juya fuska bango.

Ranar da aka sa, da safe na shiga gaishe ta sai na tarar ta shirya, gyale a kai, ga hannu ya yi fari fat. Ashe tun ranar da ya zo ta daina shafa mai.

“Auta, kai ni.”

Na yi faɗa, na tuna mata maganar likita, na haɗa ta da Allah. Ta ce, “Ko ka kai ni, ko in tafi da ƙafata in faɗi a hanya.” Na san halin yayata. Na tari tasi, na naɗe ta da bargo, muka tafi. Ban buga wa kowa waya ba, don na yi alkawarin ba zan ƙara kiran lambar Honarabul ba.

Filin ya cika maƙil. Lasifika na ta amo, matasa sanye da riguna masu hoton hannaye cikin baho. An ja igiya an zagaye ɗakin. Na riƙo Yaya muka kutsa har bakin igiyar, sai wani ƙaton mai gadi ya sa mana hannu.

“Baba, ku ja baya. Honarabul yana gaida mahaifiyarsa.”

Na ce, “Wace mahaifiyar?”

Ya yi dariya. “Guda nawa gare shi?”

Na leƙa ta gefen kafaɗarsa. A bakin ƙofa, kan tabarmar Yaya, ga wata tsohuwa zaune cikin tsohon zanen Yaya, ta rufe fuska da gyale, hannu cikin baho. Ga Honarabul nan durƙushe a gabanta, wannan karon gwiwa biyu cikin caɓi, ya riƙe hannayen yana kuka shaɓe-shaɓe. Mata a bayanmu na share hawaye suna cewa Allah ya ba mu ɗa irin wannan.

Mai Jaka ya hango mu. Ya taho da sauri har jaka na zamewa.

“Inna! Ai cewa aka yi ba za ki zo ba. Don Allah ku koma mota, yanzu za a gama.”

Ta ce, “Wace ce?”

“Wata mai wankau ce daga bayan tasha.” Ya ɗan sosa ƙeya. “Hannunta ya dace.”

Na cika baki zan yi ihu in tara musu jama'a, sai na ji Yaya ta riƙe mini hannun riga. Ta tsaya tana kallo. Can sai Honarabul ya ɗago kai don mai hoto ya ga hawayen, idonsa ya faɗa cikin na Yaya. Na rantse ya gan ta. Ya ɗan yi turus, sannan ya sunkuya ya ci gaba da kukansa daga inda ya tsaya.

Tari ya taso mata, ta bari ya lafa, sannan ta ce wa Mai Jaka, “Ka ce mata kada ta jingina da bangon gabas. Ta kuma janye tabarma daga ƙarƙashin taga, nan ya fi yoyo.” Ta juyo wurina. “Auta, mu tafi gida.”

Ban tambaye ta wane gidan ba. A hanya ta sa direba ya tsaya a bakin wani kanti, ta ce in sayo mata man shafawa. Ta buɗe tun a cikin mota, ta shafa a hankali, yatsa bayan yatsa.

Ya ci zaɓensa. Yaya tana gidana, tarin ya ragu sosai, da hantsi takan zauna a rana tana yi wa jikokina faɗa. In ya aiko mota ta ce a gaishe shi, motar ta koma yadda ta zo. Ita kuwa waccan baiwar Allah an bar ta a ɗakin, tunda baƙi ba sa sanar da zuwansu. Kwanan baya muka ji ta fara tari. Yaya ta naɗe bargonta da ragowar maganinta ta ce in kai mata, na kai.

Shi kuma an sake ba shi kwamitin gidaje.