Tsaga Biyar Ko Shida

Duk wanda ya san Sharhabilu mai gyaran injin ban-ruwa a Talata Mafara ya san ba ya ga-maciji da tsatsa. Abokan sana'arsa kan tsokane shi da cewa in aka ba shi ajiyar tsoho mai furfura, kafin azahar ya goge shi ya shafa masa fenti. Shi kuwa yabo yake ɗaukar maganar.

Wata Talata, ranar kasuwa, ya hango bayis cikin tarkacen Ɗanlami ɗan gwangwan, irin babban nan da ake ɗaurewa a teburin aiki a matse ƙarfe a bakinsa. Tsatsa ta ci shi, baki ya ƙi buɗewa, da gani kuma ya sha wuta. Hannunsa ma ba na asali ba ne, wani guntun ƙarfen babur ne aka yi wa walda da noti a kowane kai. Sharhabilu bai tambayi daga inda ya fito ba. A 'yan shekarun nan ba a cika yi wa kayan gwangwan wannan tambayar ba, don kowa ya san amsar ba daɗi gare ta ba.

Kwana huɗu bayis yana jiƙe cikin kananzir kafin ya yarda ya motsa. Sharhabilu ya warware shi gunduwa-gunduwa, ya wanke, ya cika shi da giris. A gefen dama ya ga wasu tsagogi a jere, waɗanda aka yi da magagari. Ya yi tsaki, ya ce wani malalaci ne ya riƙa gwada kaifin kayan aikinsa a jikin ƙarfe mai daraja. Ya kunna injin guga ya bi ta kansu, ya bi da samfefa har wurin ya yi sumul, sannan ya kawo shuɗin fenti ya shafa sau biyu. Mutane suka riƙa tsayawa kallo, shi kuma yana ta hura hanci.

Talatar da ta zagayo, da hantsi, wata mata ta yi sallama a bakin rumfarsa, da goyo a bayanta. Suka gaisa, ya tambayi gida da gajiya da jinjirar da ke bayanta, ta amsa duka da lafiya lau, kamar yadda ake amsawa ko da babu gidan. Ta ce sunanta Taibatu, daga wani ƙauye na ƙasar Maradun, amma yanzu tana zaune wajen yayarta a Morai.

"Ɗanlami yac ce kai kas sai bayis wurinai, malam," in ji ta. "Ba amsar shi niz zo yi ba. In gane shi kawai."

Ya nuna mata teburin da alfahari. Ta tsaya tana duban fentin, har idonta ya kai ga hannun. Ta kama notin nan ta juya shi a hankali.

"Na Falalu na," ta ce. "Gabana ya yi waldar ga, ranar da na asalin yak karye."

Ya jawo mata benci, ta zauna ta ba shi labari a taƙaice, irin na wanda ya gaji da maimaita shi. Falalu mijinta ne, makaniken babur. Yana da wata al'ada da ake yi masa dariya a kanta: duk ranar da aka ce masa an haihu a gidansa, kafin ya shiga ganin jariri sai ya ɗauki magagari ya yi tsaga ɗaya a gefen bayis. 'Ya'ya biyar, tsaga biyar. Cikin na shida ya zo da wahala, aka kawo ta asibiti nan Mafara, shi ya tsaya gida da sauran yara. Ta haihu da safe. Ƙauyen ba a samun waya, sai aka ba wani ɗan kabu-kabu saƙo. Da la'asar ɗin ranar 'yan bindiga suka shiga garin. Yaran sun tsira cikin gero tare da maƙwabta. Falalu bai tsira ba, ɗan kabu-kabun kuma har yau ba a ji ɗuriyarsa ba.

"Shekara guda ke nan ban san ko ya ji ba," ta ce, tana gyara goyon. "Wasu su ce sun ga mai babur ya shigo, wasu su ce ba su gani ba. Kasuwar Bakura na je, ta Maradun na je, duk inda ake tara ƙarfe. Niƙ ƙudura in dai na iske bayis ɗin ga, zan sani. In biyat na, bai ji ba. In shidda na, ya san da Farida, wagga ta goye, kahin shi bar duniya."

Tana faɗa tana shafa gefen dama da yatsu. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa, ta leƙa gefen hagu ko ta manta ne, ta dawo. Sharhabilu ya bi yatsunta da kallo. Bai taɓa jin kunyar aikin hannunsa ba sai ranar.

"Ni nig goge su, baiwar Allah," ya ce. "Ban san mi a ma'anarsu ba."

Ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago, tambayar da yake tsoro ita ta yi.

"Ka ƙidaya su?"

Ya rufe ido ya nemo su. Yana ganin jerin sarai, yana ganin tartsatsin injin yana cinye su ɗaya bayan ɗaya, har tsakin da ya yi yana ji a kunnensa. Adadin ne babu. Kalma ɗaya ce, shida, tsakaninta da barci mai daɗi, ba kuma wanda zai taɓa ƙaryata shi. Har ya buɗe baki.

"Kak ka hwaɗi don tausai," ta riga shi. "'Yan'uwana sun sha ce min ya ji. In da wannan ta ishe ni da ban yi ta yawon kasuwanni da goyo ba."

"Ban ƙidaya ba," ya ce.

Ta gyaɗa kai. Ya ce ta tafi da bayis ɗin, zai kai mata har Morai. Ta ce a'a, ba ta da abin matsawa, gara ya zauna inda za a yi aiki da shi. Ta miƙe, ta ƙara duban shuɗin fentin nan mai ƙyalli.

"Ka gyara shi ƙwarai," ta ce, ba da gatse ba. Da da gatse ne da ya fi masa sauƙi.

Bayan ta tafi, wani manomi daga Dakko ya zo da injinsa, Sharhabilu ya ce ya dawo gobe. Ya kwance bayis daga tebur ya fito da shi rana. Ya kankare fentin gefen dama da wuƙa, ya wanke da fetur, ya karkata ƙarfen ta nan, ya karkata ta can, ko gindin tsaga ɗaya zai nuna a cikin haske. Ya shafa toka, ya hure. Ya bi da farce a hankali daga wannan kai zuwa wancan, har aka kira azahar yana durƙushe.

Wurin sumul yake. Sharhabilu ne ya yi aikin, shi kuwa bai taɓa barin alama ba.